Masu Gadi a Waje

Ƙarfe biyun dare a Gdynia,
ƙanƙara ta kwanta bisa igiyoyin tashar jiragen ruwa.
Halszka ta kashe fitilar ɗakin bincike
don kore ya fito sosai.

Ta sunkuya kan madubin ƙara girma.
Ƙwaya ɗaya ce, daga ɓargon wani mutum
wanda ba ta san sunansa ba, sai lamba: arba'in da bakwai.
A cibiyar ƙwayar akwai ɗaki
inda aka ajiye littafin umarni,
inda ake cewa: rabu biyu,
ko dakata,
ko mutu salin alin.
Can ne mazaunin masu gadi,
ƙananan furotin da ta shafa wa koren rini
don ta gane su cikin duhu.

Yau ɗakin baƙi ƙirin.
Koren duk yana waje,
ya kewaye katanga kamar zobe,
kamar ma'aikatan da aka sallama
suna tsaye bakin ƙofa da huluna a hannu.

Ba kashe su aka yi ba, abin da ke ci mata rai ke nan.
Lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu,
fitar da su kawai aka yi.
Kowace ƙwaya tana da ɗan dako:
ya duba hatimi a kafaɗar kaya,
ya saɓa, ya bi ta 'yar ƙofa, ya sauke a waje.
Halak ɗinsa yake ci.
Ba don shi ba, da gida ya cushe.
Amma nan 'yan dako sun yi yawa,
suna kwasa ba ji ba gani,
har da mai cewa dakata.
Da ɗan gari akan ci gari.

Ubanta Ludomir ya shekara talatin da ɗaya
a saman ƙugiyar ɗaga kaya ta tashar nan,
yana loda gawayi, katako, akwatunan ƙarfe.
Yakan ce, "Ban san cikinsu ba, yarinya,
hatimi nake karantawa."
Yanzu yana hawa na huɗu a asibiti,
ƙashin bayansa na marmashewa kamar busasshen burodi.

Jiya ta kai masa miyar kabeji, ya sha cokali uku.
Ta zana masa ƙwayar a bayan takardar magani,
ga ɗaki, ga ƙofa, ga mai ɗauka.
Ya daɗe yana kallo,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ashe abokin sana'a ne ya kayar da ni.
Kar ki zage shi. Bai buɗe akwatin ba."

Ta ɗiga ruwan magani sau uku,
wanda ke ɗaure hannun ɗan dako.
Sai jira.
Shayi ya huce. Injin sanyi na ta gurnani.
Wata motar shara ta wuce ƙasa.

Ƙarfe huɗu da minti goma
ta sake leƙawa.
Zoben ya dushe.
Kore na taruwa a cibiya, kaɗan-kaɗan,
kamar gidan da aka maido wa wuta
ɗaki bayan ɗaki.

Ba ta yi murna da ƙarfi ba.
Ta san faranti ba mutum ba ne,
ta san maganin bai iya bambance
ɗan dakon da ya zarce da wanda ke aikinsa,
shi ya sa abinci ke fita ran majiyyaci,
shi ya sa cokali uku.

Ta rubuta lokaci, ta rubuta lamba.
Ta taga, ƙugiyar farko ta fara motsi,
ta ɗaga wani jan akwati sama da ruwa,
wani ɗan wani na can sama
yana karanta hatimi.